Daga inda yaro ya tsaya: yadda mudir, shugaban makaranta, zai tayar da karatu bayan an sake buɗe makaranta

Yaron da yake aji biyu ranar 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke a Khartum, yau rijista na iya nuna yana aji huɗu ko biyar, alhali a tsakanin nan bai zauna gaban sabbura, wato allon aji, wata shida cikakku ba. A Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan. Yaƙin ya ci Wad Madani a Disamba 2023, ya kai Sinja a tsakiyar 2024, makarantu da yawa a Gadarif da Kasala da Bur Sudan suka koma masaukin waɗanda suka gudo. 'Ya'yan Hausawan da rikicin Nilul Azraƙ na Yuli 2022 ya tayar zuwa Sinnar da Rabak da Jazira kuwa, tasu asarar ta riga ta kowa somawa.

Kuskuren da aka fi yi ranar dawowa shi ne ustaz ya ɗauki littafin aji biyar, ya buɗe shafin farko, ya shiga tseren gama muƙarrar, wato manhajar shekara, kafin jarrabawa. Yara goma na gaba za su bi shi. Sauran hamsin za su kwafi abin da ke sabbura kamar masu zanen lalle, ba tare da sanin me suka rubuta ba, bayan wata biyu kuma a fara nemansu a kasuwa da bakin kogi. Akwai hanyar da ƙungiyar Pratham ta ɓullo da ita a Indiya, aka yi aiki da ita a Zambiya da jihar Barno ta Najeriya: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a tara masu mataki ɗaya wuri ɗaya na wani ɓangaren yini ba tare da duban ajinsu ba, a koyar da su daga inda suka tsaya, a riƙa sake gwadawa. Ba ta bukatar kwamfuta ko sabon littafi. Abin da take ci shi ne tsari da sa ido, aikin mudir ke nan.

Kafin a kira yara

Makarantar da aka yi faɗa kusa da ita, ko masu makami suka zauna cikinta, kada a sa yara shara ko nome ciyawarta sai masu aikin kwance nakiya sun duba. Duk ƙarfen da ba a san shi ba, a kewaye wurin da duwatsu daga nesa, a kai rahoto mahalliyya, wato ƙaramar hukuma. Sai ruwa da makewayi, domin kwalarar da ta ɓarke a 2024 ta fi yin ɓarna inda jama'a suka cunkushe. Ma'aunin da masu agaji ke bi shi ne lita 3 ga kowane ɗalibi a yini don sha da wanke hannu, makewayi ɗaya ga 'yan mata 30, ɗaya ga maza 60. Ƙwayar kulorin a bi adadin litar da aka rubuta a jikin fakitinta, a jira minti 30 kafin a sha. Jarka mai famfo ta fi zir ɗin da kowa ke tsoma moɗa ɗaya a ciki. Gyaran rakuba, wato rumfa, da shinge aikin nafir ne, gayyar iyaye ta safiya ɗaya ta isa.

Yaron da ya zo ba shahada, wato takardar shaida, ba raƙam waɗani, wato lambar ɗan ƙasa, kada a mayar da shi gida. A buɗe masa rijistar wucin gadi da sunansa, shekarunsa, makarantar da ya baro da sunan mai kula da shi, takardu su biyo baya.

Katin gwaji

A nan ya kamata a ɓata lokaci, don idan gwajin ya karkace duk abin da aka gina a kai zai karkace.

Kati ɗaya ne mai kashi huɗu: haruffa 10 a warwatse, kalmomi 10 masu wasali da yaro ke ji kullum, gajeren zance mai jimla 4, sai labari mai jimla 8 zuwa 10 daidai ƙarfin littafin aji biyu. A rubuta shi da rubutun nasakh mai girma, irin na littattafan da aka buga. A yi kati iri uku ko huɗu, domin yaron da ya fito daga gwaji zai karanta wa 'yan layi abin da ya gani kafin ustaz ya ɗago kai. Kada a ɗauko zancen daga littafin makaranta, kada kuma a sa aya ko hadisi. Yaran da suka yi khalwa, wato makarantar allo, suna da ƙarfin hadda, kalma biyu na farko sun ishe su su kwararo sauran da ka, sai a ɗauka karantawa suke yi.

Ana farawa daga gajeren zancen, ba daga haruffa ba, don kada babban yaro ya ji an raina shi. In ya karanta shi a haɗe, kuskurensa bai wuce uku ba, a ba shi labarin. In ya kasa, ko yana tsinkar kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar gyaɗa, a sauko kan kalmomi: ya zaɓi biyar, in ya ci huɗu yana matakin kalma. In bai ci ba a sauko kan haruffa da ƙa'ida ɗaya, biyar a ci huɗu. Wanda ya kasa wannan shi ne mafari. Matakai biyar ke nan: mafari, harafi, kalma, zance, labari. A rubuta mataki mafi girma da yaro ya ci, ba maki.

Wanda ya karanta labarin a yi masa tambaya biyu a kansa, kuma a yarda ya amsa da Hausa ko da Larabcin kasuwa. Abin da ake nema shi ne ko ya gane. Za a sami yara masu karatu kamar ruwa, da tajwidinsu, waɗanda ba za su iya faɗin wa ya tafi rijiya a labarin ba. Waɗannan a sa musu alama daban, matsalarsu ta ma'anar kalmomi ce.

Lissafi ma haka: gane lamba 1 zuwa 9, gane 10 zuwa 99, ɗebewa mai gida biyu da ke bukatar rance kamar 52 a cire 27, sai raba lamba mai gida uku da mai gida ɗaya.

Yaro ɗaya yana cin kamar minti 6. Makaranta mai yara 240 daga aji uku zuwa shida na bukatar awa 24 na aiki, in malamai shida suka raba, awa huɗu-huɗu ne, wato safiya biyu. Ustaz ya zauna gefen yaro a kan birish ko benci, ba a bayan tebur ba, ba sanda a hannu. Kada malami ya gwada 'yan ajinsa, domin tausayi da kare kai duk suna sa a ɗaga wa yaro mataki. Mudir ya zaɓi yaro ɗaya cikin kowane goma ya sake gwada shi da kansa. In sakamakon wani malami ya saɓa wa nasa a yara uku, a zauna da shi a sake duba ƙa'idar, a maimaita nasa kason.

Rabon rukuni

Rukuni uku sun isa yawancin makarantu: mafari da harafi wuri ɗaya, kalma da zance wuri ɗaya, masu labari wuri ɗaya. Ana haɗuwa a rukuni hissa biyu na farko, wato darasi biyu, bayan ɗabur (taron layin safe), kafin faɗur (hutun karin kumallo), lokacin da rana ba ta yi zafi ba kuma kai na sarari: ɗaya Larabci, ɗaya lissafi. Bayan faɗur kowa ya koma ajinsa na rijista a ci gaba da sauran darussa. Rabon lissafi daban yake da na karatu, don sau da yawa yarinyar da ke talla tana ɗebewa da ka fiye da wanda ya fi ta karatu.

Kada a kira su rukuni na ɗaya da na uku, cikin kwana biyu za a ji ana cewa ajin daƙiƙai. A ba su sunan itatuwa, Kuka da Tsamiya da Aduwa, ko na koguna, Dindir da Rahad da Atbara. Mai shekara 13 da ya faɗa matakin harafi ba zai jure zama da 'yan shekara takwas ba, zai daina zuwa ne kawai. In irinsu sun kai goma sha biyar a ware musu inuwarsu, sukan yi sauri in ba a kunyata su ba.

Malamin da ya fi kowa iya koyarwa shi za a ba rukunin ƙasa. Wannan shi ne hukuncin da ya fi jawo wa mudir ƙorafi, domin an saba tsohon malami ya riƙe aji shida, sabon shiga ko ɗan sa-kai a tura shi wurin ƙanana. Amma masu labari za su ci gaba ko da ɗalibin jami'ar da ke zaman jiran a buɗe ne ya riƙe su, mafari kuwa ba ya motsi sai a hannun gwani. Rukunin ƙasa kada ya wuce yara 40 ga malami ɗaya, ko da hakan zai sa na sama ya kai 60.

Abin da ke faruwa cikin hissa

A rukunin ƙasa, minti 10 na farko ustaz ya karanta ɗan labari da murya, yana bin kalmomin da yatsa, ya tattauna shi da yara. Minti 15 a kan allon gaɓoɓi: haruffa a jere daga sama zuwa ƙasa, kowanne da fataha da kasra da damma, sannan da alif da waw da ya na ja. Harafi uku ko huɗu a mako sun isa, kuma kowanne a nuna shi a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe tun ranar farko, don yaro na iya sanin ع a tsaye ya kasa gane ta a tsakiyar kalma. Sauran lokacin yara su zauna biyar-biyar ko shida-shida suna haɗa kalmomi da katunan kwali, su ƙare da rubuta abin da suka haɗa, ko a kurrasa ko a ƙasa da tsinke.

Akwai tuntuɓen da ya keɓanta da yaranmu. Wanda ya yi babbaƙu da farfaru a hannun malamin da ke rubuta allo da rubutun Warshi ya saba fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf tana da ɗigo ɗaya a sama. A littafin makaranta ɗigo ɗaya a sama fa ce, ƙaf ɗigo biyu gare ta. Yaron zai riƙa karanta ف da ƙaf, a yi ta yi masa tsawa, alhali daidai ya karanta bisa abin da aka koya masa. Bayanin minti biyar da rubutun biyu gefe da gefe yana warware wannan. Haka ض, wadda Hausawa suka daɗe suna furtawa kamar lam, shi ya sa alwudu'u ya zama alwala, alƙadi ya zama alƙali. A imla'i kuma, wato shifta, za a ga ana cakuɗa س da ص da ث, da ز da ذ da ظ, da ه da ح, da hamza da ع. Wasu daga ciki 'ya'yan Larabawa ma suna cakuɗa su, don lahajar gari ba ta bambanta su. Maganinsu kalmomi bibbiyu masu bambancin harafi ɗaya, a faɗa, a nuna ma'anar kowacce, a rubuta. Sannan malaman rukunin ƙasa su daina rubuta ruƙ'a, wato rubutun hannu na yau da kullum, a sabbura. A ruƙ'a sin ba ta da haƙora, ɗigo biyu sun zama ɗan layi, mafari yana ganin kamar wasu haruffa ne daban da na littafinsa.

A lissafi, kayan aikin tsinken kara ne da roba ko zare. Kowace ƙungiyar yara biyar ta sami ɗauri 9 masu tsinke goma-goma da warwatsattsu 20. In za a cire 27 daga 52, yaro ya ajiye ɗauri biyar da tsinke biyu, ya ga biyu ba za su ba da bakwai ba, ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa. Wannan kwancewar ita ce istilaf ɗin, wato rancen, da ake rubuta masa a sabbura bai taɓa gane dalilinsa ba. Sai ya yi haka sau da yawa kafin a koma alƙalami. A lura da abu biyu. Larabci yana faɗin ɗaiɗai kafin gomomi, khamsa wa ishrin, sai yaro ya rubuta 52 maimakon 25. Hausa tana cewa ashirin da biyar, daidai da yadda ake jera lambar, don haka a sa shi ya faɗa da Hausa kafin ya rubuta. Na biyu, lambobin littafi daban suke da na wayar hannu: ٥ ta yi kama da sifilin waya, ٧ da ٨ juyin juna ne, ٢ da ٦ ma suna rikita mafari. A manna jerin biyun a bango.

Maganar harshe tana bukatar hankali. Larabci ne harshen littafi da jarrabawa, kuma shi ake son yaro ya ƙware a kai. Amma hana Hausa a aji, balle cin tara ko duka a kanta, yana rufe bakin yaro ne gaba ɗaya. Ƙa'ida mai sauƙi: sabuwar kalma a faɗe ta da Larabci, a bar wani yaro ya ba da ma'anarta da harshen gida, a koma Larabci a sa ta cikin jimla. A unguwannin Kasala ko Damazin, inda aji ɗaya ke ɗauke da Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da ɗan Bija ko Barta da waɗanda suka gudo daga Khartum, a ba kowane harshe wannan damar, kada abin ya zama gatan ƙabila ɗaya.

Bulala ba ta da wuri a wannan tsari, ko don dalilin aiki kawai: kuskuren yaro shi ne yake nuna wa ustaz inda zai sa hannu, yaron da ke tsoron duka kuwa shiru zai yi. Ga kuma waɗanda suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Wani zai firgita in an buga ƙarfen tashi, wani ba ya magana, wani faɗa da kowa. Kada a sa su ba da labarin abin da ya same su a gaban aji. Abin da ya fi kwantar musu da hankali shi ne yau ta yi kama da jiya: lokaci ɗaya, wuri ɗaya, malami ɗaya.

Aikin mudir a kowane mako

Ya shiga kowane rukuni sau ɗaya a mako, minti 15, ya zauna a baya. Abu uku zai ƙirga: minti nawa yara suka yi suna karatu ko lissafi da kansu, yara nawa daban-daban aka kira, da ko na layin baya suna da abin aiki a hannu. Amshin baki ɗaya, inda ustaz ya faɗa aji ya maimaita, ba ya shiga lissafi, domin ana iya yin sa ido a rufe. Bayan an tashi ya kira malamin gefe, ya faɗi abu ɗaya da ya yi kyau da abu ɗaya tak da za a gyara: "Ustaza, allon gaɓoɓin ya fito sosai. Gobe ki gwada kiran yara ta katin suna, don na ga guda shida ne ke ta amsawa." Gyara biyar a lokaci ɗaya, babu wanda za a yi.

Ranar Alhamis malamai su zauna minti 40. Mutum ɗaya ya koyar da darasin mako mai zuwa, sauran su zama yara, sannan a yanka katuna tare. Malaman da suka yi watanni ba albashi ba za a ɗora musu dogon rahoto ba, takarda ɗaya mai sunayen yara da matakansu ta wadatar. In majalisar tarbiyya, wato kwamitin iyaye da malamai, ta tara wani abin hasafi, ta hannu ko ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, a rubuta shiga da fita a manna a ƙofar ofis, kuma kada a kori yaro don gidansu ba su bayar ba.

Bayan kowane kwana 10 zuwa 15 na karatu a sake gwaji da katin da yaro bai gani ba, wanda ya haye a ɗaga shi washegari. Rukunin da aka bari wata uku ba a taɓa ba ya zama aji na dindindin, manufar ta lalace ke nan.

Muwajjih, jami'in duba makarantu, zai tambayi inda aka kai a muƙarrar, haƙƙinsa ne. Kada a jira ya zo ya tarar. Tun makon farko a kai wa ofishin ilimi na mahalliyya takarda mai jadawalin sakamakon gwaji, aji-aji, da bayanin cewa rijista ba ta canza ba, hissa biyu kawai aka ware na kwana 40. Jami'in da ya ga adadin 'yan aji biyar da ba su wuce matakin kalma ba da wuya ya ce a ci gaba da nahawu. 'Yan aji shida masu fuskantar jarrabawar shiga mutawassiɗa, wato makarantar tsakiya, waɗanda suka kai matakin labari a bar su kan muƙarrar, sauran su shiga rukuni, don wanda bai iya karanta tambaya ba babu bitar da za ta cece shi.

Iyaye a same su inda suke: maza bayan sallar Juma'a ta bakin liman, mata a zama na daban, da Hausa. A faɗa musu a sarari ba a mayar da kowa baya ba, don abin da za su fara ji ke nan daga bakin yara. Malamin khalwa a je masa har gida a gaishe shi, a daidaita lokaci yadda karatun asuba zai tashi kafin ɗabur. In shi ya ce wa almajiransa su tafi makaranta, za su tafi. Yaron da ya yi fashin kwana uku a jere a aika gidansu a rana ta huɗu. A yankin Gadarif da Sinnar kuma a duba kalandar gona kafin a tsayar da kwana 40 ɗin, domin yankan riɗi ba ya jira, girbin dawa na biye da shi, kuma manyan yaran da suka fi bukatar shirin su ne za a fara ɗauka.

Ranar cikar kwana 40 a jera jadawalin farko da na ƙarshe. In mafi yawan yaran sun kai zance ko labari, a mayar da hissar Larabci ajin rijista, a bar rukuni ɗaya ga waɗanda suka rage. In rukunin ƙasa bai ragu sosai ba, a duba rijistar zuwa kafin a zargi malami. Yaron da ya halarci kwana 30 bai bar matakin harafi ba, a matsar da shi gaba, a rufe masa ido ɗaya a sa ya karanta sabbura daga taku shida, a tsaya bayansa a kira sunansa a hankali. In ya kasa ɗaya daga ciki, a rubuta wa iyayensa takardar zuwa asibiti, a kuma bar shi a layin gaba a zagaye na biyu.